Manhajar da Ta Hana Baba Tashi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda ta bar mu. Allah ya ƙara maka buɗi, ya raya maka yaran nan, ya sa sanyin da kake yawan kuka da shi ya zo da sauƙi. Mu nan sai godiya. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayansa har ya koma wurin aiki, 'yan biyu sun shiga sabon aji, Gwaggo ta bene kuwa tana nan da bakinta, ko kalma ɗaya ba ta rage ba. Rufin kicin ya daina yoyo, don mun gaji da jiran mai gyaran da ka ce za ka turo, mun nemo namu. Na ga hoton da ka sa, kana tsaye gaban allo, mutanen ofishinku suna tafa maka saboda sabon fasalin da ka yi wa manhajarku. Rigar ta yi maka kyau. Ka kuma yi ƙiba, da gani kana samun barci.

Dalilin wannan takarda shi ne tambayar da ka ishe ni da ita. Ka yi ta a waya, ka yi ta a saƙo, har matarka ka sa ta yi mini ita cikin dabara: wai me Baba ya ce da ya ga sabon aikin naka? Na san abin da kake jira. Tun kana ƙarami kake kawo masa zanenka da jarrabawarka, ka tsaya a bakin ƙofa kana leƙen fuskarsa, shi kuwa ya duba ya nuna maka inda ka manta ɗigo. Baba ba mai arhar yabo ba ne, kuma ba ya sa albarka a aiki sai ya gamsu da shi. Ga shi yanzu ka jagoranci gyaran manhajar da yake karatu da ita kullum, kana so ka ji ko wannan karon ka ci. To zan ba ka amsa, kuma a rubuce, domin duk lokacin da na fara magana a waya sai ka tuna kana da taro.

Bari in tuna maka wane ne ubanka, tunda ka daɗe ba ka zauna da shi ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a maɗaba'a yana duba kurakuran rubutu da jan biro. Da safe a ajiye masa tulin takardu a hagu, ya karanta ya mayar dama, kuma ba ya tashi daga kujera sai hagun ta zama wayam. Haka aka koya masa, haka ya tsufa. Da ya yi ritaya ka aiko masa da kwamfutar hannu, ka sa masa manhajarku mai tattaro masa rubutun masu bulog, wato masu shafukan kansu a intanet, wuri ɗaya, kuma a wannan kam ka kyauta, ba zan hana ka ladanka ba. Yana bin wani tsoho mai kiwon zuma, da wata mata mai ɗinke tsofaffin littattafai, da wani direban jirgin ƙasa da ya fi kowa kuskuren waƙafi, da wasu da dama. Kowace safiya ya sha shayinsa, ya zauna a teburin nan na gefen taga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya daga na farko. Kurakuransu ma yakan tsince su yana tsaki, ko da yake bai taɓa aika wa kowa ba. In ya kai ƙarshe manhajar ta nuna masa cewa babu saura, sai ya rufe, ya cire tabarau, ya sha maganinsa, ya fita baranda ya miƙe ƙafa. Wannan “babu saura” ita ce agogonsa.

Sai wata safiya manhajar ta sabunta kanta, ba sallama ba neman izini. Baƙin rubutu ya koma toka-toka, sirara kamar ƙafar sauro. Sunayen marubutan suka ɓace, manyan hotuna suka maye gurbinsu. Maɓallan da yake latsawa duk kun kwashe, kun ce a riƙa jan allo da yatsa, ga mutumin da hannunsa ke rawa. Duk wannan da sauƙi, Baba ya jure wa injinan da suka fi naku taurin kai. Babban abin shi ne kun cire ƙarshe. In ya gama na mai zuma sai ku cusa masa wani da bai taɓa nema ba, in ya gama wannan wani ya ɓullo daga ƙasa, kamar mai ɗiban ruwa a rijiyar da ke tsattsafowa. Na ji ka a wani bidiyo da ka sa kana alfahari cewa yanzu mutane suna daɗewa a manhajar fiye da da. Gaskiyarka, Auta. Ni shaida ce, ubanka ya daɗe.

Ya zauna tun safe yana neman ƙarshen tulin. Shayi ya huce, rana ta bar taga, na kira shi cin abinci ya ce bai gama ba. Na tuna masa magani ya ce saura kaɗan. Washegari haka, jibi haka. Ƙafafunsa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Sannan manhajarku tana da wata ɗabi'a ta dawo da tsohon rubutu ta ajiye shi kamar sabo. Baba ya karanta, ya ji kamar ya san shi, amma ya ce a ransa ai inji ba ya kuskure, balle injin da ɗansa ya ƙera. Saboda haka ya yanke cewa kansa ne ya fara taɓuwa. Mutumin da yake iya tuna shafin da ya ga kuskure shekaru bayan an buga littafi, shi ne ya zo ya same ni a kicin yana tambayata a hankali ko na lura ya fara maimaita magana. Maƙwabcinmu malamin makaranta ya kawo masa rubutu ya duba masa kamar yadda ya saba, Baba ya mayar masa, ya ce ya nemi mai hankali.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan gaya maka har abin da ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Wata rana na dawo daga ɗakin gwajin jini da nake aiki, da la'asar, na tarar da shi a kujerar nan tun inda na bar shi. Ƙasan kujerar a jiƙe. Ya matsu, amma ya yi ta cewa bari ya kai ƙarshe tukuna, har jiki ya yanke masa hukunci. Bai ɗago ya dube ni ba. Ni na kama shi na kai shi banɗaki, ni na wanke wandon, ni na goge daɓen, ni na fitar da matashin kujerar rana kafin 'yan biyu su dawo su gani. Ina wanki ina jin sa ta bayan ƙofa yana ba ni haƙuri, yana cewa tsufa ne. A daidai wannan makon ka sa hoton da ake tafa maka. Na kai shi wurin likita, aka yi masa tambayoyi da gwaje-gwaje, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta fi ta wasu samari. Baba bai yarda ba, ya ce likitan yana jin kunyar furfurarsa ne.

Kada ka ce ban faɗa maka ba. Na kira ka na ce sabon fasalin nan yana wahalar da Baba, ka yi 'yar dariyar nan taka ka ce zai saba, wai mutane haka suke da tsoron canji, kuma bincikenku ya nuna yawancin jama'a sun fi son haka. Na tambaye ka ko akwai hanyar mayar masa da tsohon, ka ce an rufe wannan babin. Na rubuta wa sashen taimakonku, suka amsa mini tun kafin in ɗauke yatsa, suna godiya da ra'ayina mai muhimmanci. Na ce wa Baba mu cire ta kawai mu huta, ya ce a'a, aikin Auta ne, ba zai zama uban da ya kasa karanta aikin ɗansa ba. Ka ji inda ka kai shi. Da wani baƙo ne ya yi wannan ɓarnar da tuni ya jefar da ita. Don taka ce ya zauna yana cin azaba. Garin neman gira kun tsone wa tsoho ido, kuma har tafi aka yi muku.

Daga nan na shiga neman madadi da kaina, a lokacin hutun cin abinci, ina zaune bayan firjin da muke ajiye kwalaben jini. Ni ba gwanar waɗannan abubuwa ba ce, kai ne aka tura karatu. Ta farko da na gwada talla ta fi rubutun yawa. Ta biyu ƙararrawa take bugawa duk bayan ɗan lokaci kamar akuyar da aka ɗaure. Wata kuma da na buɗe sai na ga ta kwaikwayi taku tsaf, ashe cutar har ta yaɗu. Ga wani ƙarin alherin naku: maɓallin da ake kwashe adireshin marubuta a kai wata manhaja, shi ma kun cire, don kada wanda ya shiga ya fita. Sai da na bi su ɗaiɗai ina nema ina kwafa, ina tambayar Baba cikin hira wane ne da wane yake karantawa, ba tare da ya gane abin da nake ƙullawa ba. Daga ƙarshe na samu wata 'yar manhaja da wani mutum ɗaya ya yi, ko sunan kirki ba ta da shi. Mummuna ce, Auta, da ka gan ta da ka yi dariya. Farin allo, baƙin rubutu manya, sunan marubuci, ranar da ya rubuta, tsoho a sama sabo a ƙasa, sai maɓalli guda mai faɗin da ko hannu na rawa ba zai kuskure ba.

Na sa masa ita wata safiya da ba ni da aiki, na ce masa gwaji ne kawai, taka tana nan ban taɓa ta ba. Ya yi gunaguni, sannan ya gyara tabarau ya fara. Ina daga kicin ina jin tsakinsa, na san ya iso kan direban jirgi. Kafin rana ta bar taga sai na ji shiru. Na leƙo na gan shi ya zuba wa allon ido, an rubuta masa cewa ya karanta komai. Ya ja allon sama, babu abin da ya ɓullo. Ya sake ja, babu. Sai ya tambaye ni ko ke nan ba kansa ba ne, na ce masa ba kansa ba ne, bai taɓa zama kansa ba. Ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu, na juya baya don kada ya ga na gani. Da ya natsu ya sha maganinsa, ya tashi da kansa ya fita baranda.

A can ya kira ni ya tambaye ni wane ne ya yi wannan manhaja. Na ce ban sani ba, wani ne can a wata ƙasa. Ya ce ko ɗan wane ne, wannan yaro ya san darajar mai karatu, ya san mutum yana da ƙafa da mafitsara da sauran rayuwa. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yi masa albarka, ya ce uban da ya haife shi ya yi dacen ɗa. Na ba shi lokaci, don kada ka ce na yi maka rowa, sannan na tambaye shi me zan faɗa wa Auta, tunda yana ta tambaya. Ya juya ya dubi titi. Sai ya ce in ce maka yana lafiya. Da yamma kuma ya miƙo mini kwamfutar ya ce in goge waccan, tana cin wuri.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce mata na gode da man shafawar da ta aiko, ya yi wa ƙafafun Baba amfani. Ka shafa mini kan takwaran Baba da 'yar autarku mai kuka. Maigidana yana gaishe ka, 'yan biyu suna gaishe da kawunsu, Gwaggo ta bene ta ce ka rage ƙiba, Kawu mai gyaran agogo kuma ya ce har yanzu yana jiran kiran da ka yi masa alkawari. In za ka kira Baba, ka kira bayan hantsi, lokacin ya gama karatu yana baranda, kuma kada ka yi masa tambayar nan, ka ga na riga na amsa maka. Albarkar da kake jira tun kana tsayawa a bakin ƙofa, an sa ta, Auta. A gabana aka sa ta, da hannu a ɗage, har na ce amin. Ba kai aka sa wa ba.

Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
wadda take gida.