Jan Katin Zulai

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai yawa daga 'yarki Rabi, da fatan Allah Ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na duniya yalwa da sanyi. Shekara huɗu ke nan da rasuwarki, kuma na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma abin da ya same ni makon jiya, ke kaɗai za ki gane shi ba sai na yi dogon bayani ba. Masu bin shafina za su leƙo, na sani, wasu ma tuni sun yanke mini hukunci. Su karanta, ban hana su ba. Da ke nake magana.

Har yanzu ina koyarwa a firamaren nan ta kusa da unguwar Muhaisnah a nan Dubai, har yanzu aji biyu, har yanzu daga Hor Al Anz nake fitowa da asuba in tari motar makaranta. Yaran ajina kuwa kowa da inda ya fito, kowa da harshen da uwarsa ke yi masa faɗa da shi. A aji Turanci kawai aka yarda mu yi, ni da su.

Muna da mataimakiyar shugaba, Mis Nora, ita ke kula da tarbiyyar yara. Kafin ta zo Dubai ta koyar a ƙasarsu Ireland, a wata firamare da komai da harshensu na gado ake koyarwa, ba da Turanci ba. Daga can ta zo mana da tsarinta. Ba duka, ba tsawa. Yaro ya yi abin kirki, a yabe shi a gaban kowa. Ya yi laifi, a ja shi gefe. In za ki yi masa faɗa, ki tsuguna ki dawo daidai tsawonsa. Sai kati kala uku: kore, rawaya, ja. Yaron da ya tara ja uku a zango ɗaya, a kira iyayensa, a rubuta rahoto, kuma makaranta tana iya cewa ba ta da wurinsa baɗi.

Zan faɗi gaskiya, tsarin yana aiki. Na ga yaran da in a garinmu ne da tuni bulala ta ƙare a bayansu, sun gyaru ba a taɓa su ba. Na san me za ki ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne Inna, amma tanƙwarawa aka ce. Malamanmu na firamare karyawa suka ji.

A bangon kowane aji akwai dokoki biyar da manyan baƙi. Ta farko: idan malami yana magana da kai, ka kalli idonsa.

Farkon zangon nan aka kawo mini Zulai, 'yar shekara bakwai. Babanta Malam Nasiru yana aikin kago a Deira, yana aika wa 'yan kasuwa kayansu gida. Tun yaye yarinyar tana hannun kakarta a Kazaure, sai bana iyayenta suka samu suka ɗauko ta. Tsaf-tsaf da ita, ba ta da hayaniya, in ta rubuta harafi kamar ta auna shi da zare.

Katin farko ni na ba ta. Bari in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa.

Ta manta littafinta a mota. Na ja ta gefe, na tsuguna yadda aka koya mana, na fara magana. Ta sunkuyar da kai. Na ce ta kalle ni, ta ƙara sunkuyawa. Da na faɗa a karo na uku, muryata ta ɗan tashi, sai kawai yarinyar nan ta durƙusa a ƙasa, hannuwanta bisa gwiwa. Aji ya kwashe da dariya. Na zaro rawaya na saka a gaban sunanta, na ci gaba da darasi, zuciyata fes.

Ni, Inna. Ni da kika haifa. Kuma ba zan fake da cewa ban san Bahaushiya ba ce; na sani sarai. Shekara tara a garin nan sun koya mini ƙura wa mutum ido. Aikin farko da na nema ban samu ba, daga baya aka gaya mini wai ina ta kallon ƙasa kamar mai ɓoye wani abu. Tun ranar na horar da idona, na horar da shi har na manta da an taɓa koya mini wani abu daban.

Daga ni sai sauran suka ɗora. Malamin wasanni ya ba ta ja. Malamar Larabci ta ba ta ja. Malamar kiɗa ta cike na uku. Duk magana ɗaya suka rubuta: ba ta kallon malami, in aka yi mata faɗa sai ta zube ƙasa don taurin kai. Ana ƙara mata faɗa, tana ƙara ƙasa da kai, ana ƙara mata kati. Mako shida ta cika ukun.

Ranar da aka kira babanta na hango su a wurin ajiye motoci. Rana tsaka, kwalta kamar tanda. Yana fitowa daga mota yarinyar ta durƙusa a kan kwaltar nan, idonta a ƙasa, ta ce, "Abba sannu da zuwa."

Nan na ji muryarki, wallahi kamar a bayan kunnena: "Rabi, wane irin tsaurin ido ne wannan?" Kin tuna? Ina 'yar takwas, Kawu Idi yana yi mini faɗa a zaure don na bar akuya ta shiga rumfar gyaɗa, ni kuma na zuba masa ido ƙyar. Kika fito da ludayi a hannu, kika kama kunnena da ɗayan. Da yamma kina tsefe mini kai kika ce, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Babba ba abin kallo ba ne, abin saurare ne."

Abin da kika ja mini kunne a kansa, shi muka rubuta a bango muka ce ladabi. Abin da kika koya mini a matsayin ladabi, shi muka ba jan kati. Na tsaya a ranar nan kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa kaina.

Malam Nasiru shi ma bai gane ba, don takardar da aka aika masa rashin girmama malamai kawai ta ce. Ya same ni idonsa jajur. "Malama, wallahi kunya ta kashe ni. Wai 'yata ce ba ta da ladabi, a garin mutane. Khalas, shi ke nan, zangon nan na ƙarewa zan mayar da ita wajen kakarta, tunda mu mun kasa." Shekara biyar uwarta tana jiran ranar da za ta dinga yi wa 'yarta kitso da hannunta. Yanzu za a sake raba su saboda yarinya ta yi abin da aka koya mata.

Washegari aka kawo mini rahoton in sa hannu, tunda ni ce malamar aji. Na karanta, na mayar. Aka sake kawowa, na sake mayarwa. Ranar Alhamis shugaban makaranta ya kira ni ofis, Mis Nora tana zaune a gefe.

Na yi bayani iyakar iyawata. Ya saurara rabi, rabi yana kallon agogo. Ya ce yaranmu daga ƙasashe barkatai suke, ba za a yi wa kowa dokarsa ba, doka ɗaya ce ga kowa. Sannan cikin murmushi ya tuna mini kwantiragina yana ƙarewa ƙarshen shekarar karatu. Ba sai ya ambaci biza ba. Kowa a garin nan ya san da aiki da izinin zama igiya ɗaya ta ɗaure su.

Inna, sai na tashi daga kujera. Na durƙusa a kan kafet ɗin ofishinsa, ni da shekaruna arba'in da ɗaya da gwiwar nan tawa mai ciwo da kika sani. Na sunkuyar da kai, na ƙarasa maganata a haka. Na ce masa yadda yake ganina ɗin nan, haka na yi wa mahaifiyata magana har ta bar duniya, kuma ba ni da wani girmamawa da ya wuce wannan da zan iya ba ɗan Adam. Na ce yarinyar nan sau huɗu tana ba mu shi, sau huɗu muna mayar mata da kati. Na ce in wannan rashin ladabi ne, to ga ni ina yi masa, ya zaro nawa katin.

Ya ruɗe. Ya ce don Allah in tashi. Na ce hannuna dai ba zai hau takardar nan ba, kuma ina nan inda nake har a san yadda za a yi da Zulai. Gwiwata tana kuka, amma na ce da ita yau ba ranarta ba ce.

Sai na ga takalman Mis Nora sun matso. Matar nan ta sauko ta zauna a kafet kusa da ni, da siket ɗinta na ofis. Ta ce da shugaba ita ma kakarta, can a ƙasarsu, ta sha duka a makaranta saboda ta yi harshen gidansu, kuma don haka ne ita ta zaɓi koyarwa a inda ta koyar. Ta ce ba ta tsallako teku ba don ta yi wa 'yar wani irin wancan da kati mai kala. Dokar ita ta rubuta, in ji ta, kuma ta rubuta ta ne da idon garinsu.

Kada ki ɗauka nasara muka yi gaba ɗaya. An soke katunan Zulai, an yaga rahoton. Dokar tana nan a bango har sai hukumar makaranta ta zauna, in ta zauna. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi don na ƙi bin umarni, tana cikin fayil ɗina yanzu haka. Ko za a sabunta mini aiki, Allah Shi Ya sani.

Da na ba da labarin nan a taƙaice a shafina, Inna ki zo ki ji mutane. Wani ya ce na zubar mana da mutunci da na durƙusa wa baƙo. Wata ta ce wanda ya zo garin mutane ya bi al'adarsu, a koya wa yarinya kallo a huta. Wani dattijo ya ce duk lalacewar zamani ce, da bulala ce da an gama tun ranar farko. A daki wa? A kan me? Su duka ba su tsaya a kwaltar nan ba. Ban durƙusa don roƙo ba, kuma wanda bai san bambancin durƙuson roƙo da na tsayawa kan gaskiya ba, bai san matan gidanmu ba. Yarinyar za ta koyi kallo, zaman garin nan zai koya mata kamar yadda ya koya mini. Amma ba za a koya mata shi ta hanyar cewa kakarta ƙarya ta koya mata ba. Ba a ajina ba, ba da sa hannuna ba.

Abu ɗaya na yi da ke ba ki taɓa yi ba. Na ba yarinya haƙuri. Ke in kin dake ni bisa kuskure, ba kya cewa komai, sai dai in ga tsokar nama ta ƙaru a kwanona. Na daɗe ina jin haushin wannan, yanzu na daina. Abin da kike da shi kika bayar. Ni kuwa na ja Zulai gefe ranar Juma'a na ce na yi kuskure, katin farko bai kamace ta ba. Ba ta ɗago ba, kuma ban ce ta ɗago ba.

Ranar Litinin ta shigo aji ta zo gaban teburina ta tsaya ƙiƙam. Ta zuba mini ido, ba ƙiftawa, kamar wadda ake ɗiga wa magani. Ashe babanta ne, bayan na yi masa bayani, ya wuni Asabar da Lahadi yana koya mata kallon mutane. Idanun suka cika da ruwa, amma ta ƙi sauke su. Sannan a hankali ta yi mini Hausa, karo na farko a cikin ajin nan.

"Malama, Abba ya ce in dinga kallonki. Kaka ta ce kar in kalli babba. Wanne zan yi kar a mayar da ni?"

Na san dokar Turanci, na san abin da ke cikin fayil ɗina, kuma ƙofar aji a buɗe take. Da Hausa na amsa mata, ban rage murya ba.

"Zulai, in kin kalle ni na san kina ji. In kin sunkuya na san kina ji. Ba wanda zai mayar da ke ko'ina. Je ki zauna."

Ta tafi ta zauna a kujerarta ta bakin taga. Yau ma tana nan, kuma uwarta ta yi mata kitso sabo.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya gafarta miki, Ya saka miki da alheri bisa kunnen nan nawa da kika ja. Allah Ya raya Zulai a gaban iyayenta. Ni kuma, duk inda Ya rubuta mini abinci baɗi, a nan ko a gida, Ya sa in ci shi ba tare da hakkin yaron kowa a wuyana ba. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Rabi