Kada Ka Bar Garaji Saboda Hotona

Zuwa ga autana Iliya, a Agadas,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen garaji. Mu nan Kona lafiya lau, in ka cire cikina da ya kumbura.

Ni na ja wa kaina. Da ka zo Kirsimeti ka bar mini tsohuwar wayarka, ka koya mini ɗaukar hoto, ka ce, "Baba, kada ka tsaya ƙiƙam kamar soja, durƙusa ka nemi wuri." To, na wuce durƙuso. Na kwanta rub da ciki a kwarin gonarmu, ashe bisa gidan cinnaka. Na samu hotona, su ma sun samu rabonsu.

Ka san kwarin, bai fi tsakar gidanmu faɗi ba. Nan kaɗai hatsi ya tsaya bana. Daga ƙasa kara ya rufe sama, aduwa ta leƙo ta gefe yadda ka koya mini. Na yanke tudun da ya ƙone daga hoton, na ja abin nan na launi har ganye ya yi kamar an wanke shi da sabulu. Ni da makarantar lakwal ta sallama tun ban iya raba lissafi ba, wai ni ne mai gyara wa damina aikinta.

Na sa a shafina na intanet, aka yi ta yabo. Pasto ya ce, "Ubangiji ya ziyarce ku." Tun da sojoji suka hau mulki na rage baki a fada, na koma ɗaukar hoton itatuwa, tunda ba a tsare mutum kan aduwa.

Sai jiya innarka ta ce ka kira, wai za ka bar aiki, ka kwaso iyali ka dawo noma, gida ya yi kyau.

Iliya, kada ka taso. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke shirin fidda kai. Abin da muke tuƙawa daga kasuwar Tasawa yake zuwa, kuma da guminka ake auno shi. A bainar jama'a na ƙawata hoton, shi ya sa nake warware shi a nan.

Na san abin da ka gani. Kana ƙarami kakan shige cikin hatsi ka ɓace, ka yi ta kira, "Baba, gona ta haɗiye ni!" Ni ma waccan gonar na kwanta nema.

Ubangiji ya tsare ka, ya riƙe maka aikinka, ya ba mu damina da ba ta bukatar gyara.

Saura hoto guda da kake bi na: gonar duka, ina tsaye. Yau na gwada, hannuna sai karkata yake wajen kwari. Gobe innarka za ta raka ni, ta ce da muciya za ta zo.

Naka,
Babanka, mai susa har yanzu