Yarana Suna Jiran Fuskata Ta Miƙe

Anti, ki taimake ni, ban san abin da zan faɗa wa yara ashirin da uku ranar Litinin ba.

Ni malamar ajin 'yan shekara huɗu ce. Wata bakwai da suka wuce na wayi gari ɓarin fuskata na hagu ya saki, baki ya karkace. Ni da ko'ina aka san ni da dariya! Da na koma aiki sai na rufe da takunkumi, ko ruwa ba na sha a gaban mutane don zubowa yake yi.

Kwana uku yaran suka ɗaga min ƙafa. Rana ta huɗu wata 'yar firit da muke kira Lauya, saboda ba a kayar da ita a magana, ta ce ba sa jin tatsuniya ta cikin tsumma, in cire. Na cire. Suka zuba min ido. Wani ya tambaya ko da zafi, na ce babu. Shi ke nan fa, wai in ci gaba da labarin kunkuru. Manya kuwa har yau kau da kai suke yi.

Tun ranar, kullum da safe sai sun ɗaga hannuwa sun roƙi Allah ya gyara bakin Malama, sannan su yi layi su duba. Lauya ce alƙaliya, hukuncinta kuma ɗaya ne: saura kaɗan. Har gaisuwa suka ƙirƙiro, su karkace baki su yi min murmushi irin nawa. Wata uwa ta zo ba ni haƙuri, ta ɗauka ɗanta tsokanata yake yi. Na ce mata wallahi ba a taɓa karrama ni haka ba. Ina alfahari da yaran nan, Anti. Da ciwon ya same ni na yi fushi na daina roƙon Allah, su suka dawo da ni.

To makon jiya likita ya ce da wuya fuskar ta koma yadda take. Ga shi Litinin mai hoto zai zo ɗaukar hoton aji, kuma da bakina na yi musu alkawarin zan warke kafin ranar. In na faɗi gaskiya, ina tsoron su ce Allah bai ji su ba. Ko in ƙi zuwa kawai?

Malama mai rabin murmushi

Amsa:

Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Tsoronki yana da dalili, zuciyar yaro abar lallaɓawa ce. Amma in kin ɓuya Litinin, Talata za su yi layi kamar kullum, kuma Lauya sai ta ji inda kika je.

Kada ki jira Litinin ɗin. Gobe ki zaunar da su ki ce kin yi kuskure da kika sa rana, don ba a hannunki abin yake ba. Ki ce wataƙila fuskar ta zauna a haka. Kada ki hana su addu'a, likita iya saninsa ya faɗa, ke ma ki ci gaba da bin shawararsa. In sun tambayi me ya sa, ki ce ba ki sani ba, ke ma kina nan kina roƙo.

Bari in faɗa miki wata gaskiya, ƙanwata. Yaran da suka ga fuskar nan suka ce a ci gaba da tatsuniya ba su ne masu tsoron hoton ba. Ke ce, kuma ba laifi ba ne.

Ki sa kayanki mafi kyau, ki zauna a tsakiyarsu ba takunkumi. Ki ja kunnen mai hoto tun da wuri: in ya ga yara ashirin da uku sun karkace baki, kada ya ce su gyara. Allah ya raya miki su, ya bar ku da dariyarku.