Ƙaya a Hanyar Gadar Jirgi

Zuwa ga aminina Malam Isa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka. Na san babu mai kawo maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya. Maman Sadiya ta fita takaba, Sadiyarka kuma ta shiga aji biyar. Maganar gada ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna mutanen nan da suke yi maka dariya duk shekara in ka ɗebi 'yan aji shida za ku ganin gadar jirgin ƙasa a ƙafa? To, tun ranar sadakar ukunka suka zama masoyanka. Har kwamitin tunawa da kai suka kafa. Ka san shugaba? Alhaji Bala, wanda ya miƙe a taron iyaye ya ce wai malamin da ya rasa abin koyarwa ne yake yawo da 'ya'yan mutane a jeji. Sun buga riguna da hotonka, an kumbura maka kumatu, ka fito kamar ɗan takarar kansila.

Ni dai na yi yadda ka saba. Kafin ranar tafiyar na kai wa Baba Dauda goro, tunda ta gonarsa ake bi a sauka rafi, na nemi izini ya ba ni. Muka tashi daga Rogo Ruma da sassafe, mota ta sauke mu inda hanya ta ƙare, muka taka. Yara a jere kan turba, duk manomin da muka tarar sai mun tsaya mun yi masa barka da aiki.

Da ka ga idanunsu da muka shiga ƙarƙashin gadar! Suka shafa ginshiƙan dutse, suka ɗaga kai suna kallon ƙusoshin nan masu kai kamar goruba. Na faɗa musu ta kan ƙarfen nan gyaɗar kakanninsu ta riƙa wucewa zuwa bakin teku. Wata yarinya ta tambaye ni yadda aka ɗaga shi sama babu injin ɗaga kaya irin na yanzu, muka zauna a kan yashi muna ta lissafin dabara. Ban taɓa faɗa maka ba, Malam: ba a kwaleji na koyi koyarwa ba, a bayanka na koya, a kan turbar nan.

Muna cikin haka sai muka ji ham. Kwamitinka ne a motoci. Sun zo tattakin tunawa da kai a zaune, gilashi a rufe. Da turba ta yi musu ƙunci sai suka ratsa gonar Baba Dauda, suka bi ta kan gyaɗar da ya cire ya shanya. Suka hau saman gada aka yi ta ɗaukar hoto. Ko mutum ɗaya bai sauko ba, kada shadda ta taɓa yashi. Alhaji Bala ya leƙo ya tambaye ni wai dama ƙarfen nan ne kawai abin da ake ta zuzutawa. Suka juya ta inda suka zo, suka ƙarasa murƙushe abin da ya rage.

Kafin mu hauro tsoho ya fara jan ƙaya yana toshe turba. Ya bari muka fita, sannan ya ce shi Malam Isa ya ba hanya, Malam Isa kuwa ya riga mu gidan gaskiya, kada ya sake ganin ɗan makaranta a gonarsa. Ka ga laifinsa? Ni kuwa Sadiyarka na tuna, wadda ka yi wa alkawarin baɗi ne nata zuwan.

Na sami Alhaji Bala na ce ya je ya ba da haƙuri. Yana kallon hotunansa a waya ya ce wai a kan 'yar gyaɗa ne tsoho yake wannan kumfar baki. Wannan shi ne mai tunawa da kai.

Ranar Asabar na koma da yaran, kowa da ƙwarya. Muka durƙusa muka tsince gyaɗar daga sawun taya, muka ware mai kyau da fasasshiya. Baba Dauda ya amsa sallama, ya ci gaba da aikinsa. Sai da muka yi la'asar ya ɗauki sanda ya ture ƙayar gefe, daidai faɗin mutum ɗaya. Ya ce mai ƙafa ya wuce.

Na auna wurin da ido, Malam. Mota ba za ta shiga ba. Tumbin shugaban kwamitinka ma sai dai ya bi a karkace.

Allah ya jiƙanka, ya sa Aljanna ce makomarka. Sai mun zo.

Naka har kullum,
Habu, malamin aji shida