Miyar Santsi da Tauraron Bo-gyeong

Litinin, 11 ga Maris

Ke mai leƙen kundina, tunda kin iya leƙe, ga kacici-kacici, cinka: ido ɗaya gare shi, ba ya ƙiftawa, yana ganin tukunyar maƙwabci amma bai san ɗanɗanon miyar ba.

Jikata Bo-gyeong ta bugo daga birni. Ranar Juma'a za a harba tauraron ɗan'adam da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa, kuma ranar ce ranar haihuwarta. Na ce ashe gulma na tura ta karantowa. Ta ce, "Kaka, tsaron ƙasa ne." To.

Na dafa miyar ciyawar teku ta ranar haihuwa, na daskarar, na aika mata.

Laraba, 13 ga Maris

Koriya ta Arewa na ta kumfar baki a talabijin, wai kowa zai gani. Tun ina goye suke faɗa.

Mal-sun maƙwabciyata ta shigo ta lalata min rana. "Yaya, miyar santsi kika aika wa mai jarrabawa? Rokar za ta zame!" Na ce roka ba ta shan miya, tsohuwar banza. Na yi dariya har ta fita.

Na manta ne wallahi. Ni da na hana uban yarinyar nan ita duk lokacin jarrabawa, don an ce santsinta na kayar da mutum.

Alhamis, 14 ga Maris

Wayarta a kashe. Shinkafa ta ƙi wucewa.

Juma'a, 15 ga Maris

Ya tashi! Aka ce sai an ji motsinsa daga sama tukuna. Ni da Mal-sun muka zauna gaban talabijin, ta riƙe hannuna har ya yi tsami. Da la'asar aka ce ya amsa.

Asabar, 16 ga Maris

Ta bugo, murya a dishe. Ashe ba ta sha miyar ba. Abokan aikinta, masu digiri jibgi-jibgi, su suka ƙwace kwanon suka kulle a firiji. Da tauraron ya amsa suka ɗumama, suka shanye, cokali biyu ta samu.

Na ce, "Ta yi gishiri?"

"Kaka, kuka nake, ban sani ba."

Lahadi, 17 ga Maris

Arewa na nan tana surutu. Na ci kwano biyu.

Na taje kai kafin in fita shanya a tsakar gida. Na ɗan ɗaga hannu sama, ba gaisuwa ba ce, kafaɗa ce ke min ciwo.

Amsar kacici-kacicin: tauraron leƙen asiri ne. Jikata ta haɗa shi.