Waƙa ta Bakwai

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka, da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, har yanzu layina yana hawa yana sauka. Malamar ajinmu na manya ta ce in daina danna biro kamar mai kankare tukunya.

Direban da ke kai mana wasiƙu ya kawo saƙonka. Na buɗe kwali na ga na'urar waƙarka da abin kunnenta a cikin 'yar jakarsu ta fata. Abin da ko ƙanwarka ba ka bari ta taɓa, wanda kake gogewa da ƙyalle kamar jariri, shi ka ba ni? Ni da na ce maka duk waƙa ɗaya ce, ko a rediyon kicin?

Kuma wata uku ke nan in na kira ba ka ɗauka. In matarka ta ɗauka sai ta ce kana wanka. Wane irin wanka ne ba ya ƙarewa? In wani abu na yi maka, ka faɗa mini. Na bi maganganuna ɗaya bayan ɗaya, ban gano ba.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka

*

Inna,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, tana gaishe ki.

Ba ki yi mini komai ba. Injinan yankan ƙarfe na wurin aikinmu ba sa bari a ji waya, in na dawo kuma a gajiye nake. Wasiƙa ta fi mini sauƙi, ke ma ga shi hannunki yana faɗawa.

Na'urar kyauta ce. Abin kunne mai jan ɗigo a kunnen dama, mai shuɗi a hagu. Ki sa ta a jaka ranar karɓo maganinki, hanyar asibiti za ta yi miki gajarta. Ki fara da waƙa ta bakwai.

Ki huta lafiya.
Ɗanki

*

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Yau ba zan tsawaita su ba.

Na yi yadda ka ce. Ina dannawa ƙara ta doki kunnena na hagu har na kusa yar da ita, na dama kuwa shiru. Na ce shi ke nan, na lalata wa yaro abinsa. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na huɗu na naɗe ta a mayafi na kai wa mai gyaran waya, wanda yake kusa da shagon tela.

Ya juya ta a hannu ya ce, "Mama, ina kika samo wannan? Da irinta ai har motsin yatsan mai kiɗa ana ji."

Na ce, "Ni dai gyara mini, kada mai ita ya sani."

Ya sa a kunne, ya yi 'yan danne-danne, ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Mai ita ne ya tattara sautin duka ya mayar hagu, ya kuma ƙure ƙarar."

Na ce, "Me zai sa mutum ya yi haka?"

Ya yi dariya ya ce, "Sai in kunnensa na dama ya yi ritaya, na hagun ma yana haɗa kaya." Da ya ɗago ya ga fuskata, ya haɗiye sauran dariyar. Ya daidaita sautin ya miƙo mini da hannu biyu.

A hanyar gida na tuna zuwanka na ƙarshe. Duk inda na zauna sai ka zagayo ka ba ni gefenka na hagu. In ina magana bakina kake kallo, har na ɗauka wani abu ne ya maƙale mini a haƙori. Ranar da mai babur ya yi ta hon a bayanka, ƙanwarka ce ta fizgo ka, ni kuma na yi maka faɗa.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Sau nawa na ce maka, "Wannan abin sai ya kurmantar da kai"? Faɗa ne kawai irin na uwa, wallahi bai kai zuciyata ba. Ka gaya mini gaskiya. Bakina ne ya kama ka?

Ina jiran direba.
Innarka

*

Inna,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafararki.

Mai gyara ya faɗi daidai. Na dama ya tafi bara. Na hagu ya yi ta ja da baya, ina ƙara sauti ina bin sa, har maɓallin ya ƙure. Likita ya ce jijiyar ji ce ta mutu, shekara tara a gaban inji, kuma ba ta dawowa. An mayar da ni ɗakin ajiyar kaya, inda aikin na ido ne.

Ba bakinki ba ne, Inna. Ba na'urar ba ce ma, a hankali nake jin ta tun farko. Mu uku ne a layinmu na aiki abin ya sama, kuma sauran biyun babu wanda ya taɓa yi musu faɗan waƙa.

Ranar ƙarshe da na ɗauki kiranki, ina kallon lokaci yana tafiya a fuskar waya, na san kina magana, ban ji komai ba. Na kashe na zauna a bakin gado. Ban iya sake ɗauka ba.

Kada ki kulle na'urar a akwati. Abin da ya fi damuna, na fara manta yadda ta bakwai take farawa.

Ki yafe mini ɓoyon.
Ɗanki

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Na yafe. Kukan na yi shi na gama kafin in ɗauki biro.

Na saurari ta bakwai ɗin a motar zuwa asibiti, sau biyar. Ga yadda take farawa. Da fari shiru, amma ba shirun banza ba, kamar ɗakin da akwai mutane a ciki. Sai tsirkiya ɗaya daga hagu, sau uku, a hankali, ana jin yatsa yana zamewa a kanta. Sai ganga can ƙasa, kamar ana taka bene a sama da kai. Kafin mawaƙiyar ta buɗe baki tana jan numfashi, ɗan kaɗan, a kunnen dama. Na waiwaya, na ɗauka ta kusa da ni ce.

Ashe ba duk waƙa ce ɗaya ba. Ka sha miƙo mini in ji, ina ture hannunka.

Mai gyara ya ce waƙoƙi ɗari huɗu ne a ciki. Na sayi biro uku.

Allah ya tsare mini kai a hanya. Ka riƙa waiwaye.
Innarka