Kawu Dib Ya Yi Tafinta

Sansanin sojoji, Iowa
Yuli, 1918

Zuwa ga yayata Zahiyya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya gida, ya alkamar bana, ya ƙafar Inna? Ki gaishe da mijinki idan ya tashi daga barci.

Kin tambaye ni labarin yaƙi. To, har yau ban ga Bajamushe ko ɗaya ba, alfadarai aka ba ni in kula da su. Akwai wata baƙa mai taurin kai, idan ta kwantar da kunnuwa ta harare ni, sai in ji bakina ya ce, "Yaya, me kuma na yi?" Abinci kuwa wake ne da naman alade safe da yamma, don haka burodi da dankali ke riƙe da ni. Rannan na yi mafarkin kibbin Inna, curin nan na dakakken nama da alkama, na farka ina tauna bargo.

An ce Kawu Dib ya sake fita talla da keken dokinsa. Har yanzu yana sayar wa Nasaran Dakota ruwan Kogin Urdun, wanda suke ɗauka mai tsarki? Ki tambayar mini shi wa ke cika masa kwalabe bana, tunda ni mai jawo masa Urdun ɗin daga rijiyar bayan barga ina nan ina yi wa gwamnati aiki. Ban manta ranar da kwaɗo ya biyo guga ba. Kawu ya leƙa ya ce, "Cire shi, shaiɗan, mutanen nan ba su ce a haɗa musu da nama ba."

Yanzu ga maganar da ba wasa a cikinta, kuma idan kika yi dariya Allah ya isa. Wadha 'yar Kawu nake so. Na tsokani kowa a garinmu, amma ita idan ta miƙo mini kofin gahawa sai harshena ya bushe. Idan Allah ya dawo da ni zan nemi aurenta. Ki ɗan bugi cikinta ki ji. Kada dai Kawu ya sani tukuna, don bai huce ba tun da na ɗinke masa ƙafar wando ranar Sallah.

Ki sumbaci hannun Inna a madadina.

Ƙaninki,
Nayif


Sansanin sojoji, Iowa
Satumba, 1918

Yaya Zahiyya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ba lafiya ba. Ina tsaye ina karanta wasiƙarki alfadarar nan ta cinye mini rabin hula ban sani ba.

Bari in maimaita abin da kika rubuta, ko Allah zai sa ban fahimta ba ne. Kin ce Misis Halvorsen ta kwamitin tarihin gunduma tana bi gida-gida tana karɓar wasiƙun sojoji, za a rufe su a akwatin ƙarfe don jikoki su karanta bayan shekara ɗari. Kin ce Inna ta ga maƙwabta sun ba da na 'ya'yansu, ta ce ita ma ba kabewa ta haifa ba, ta ɗaga katifarki ta kwashe nawa duka ta miƙa. Yaya, ke kina ina? Kina tatsar saniya! Saniyar ba ta iya jira?

Sannan kin ce babu mai karanta Larabcin da nake rubuto miki a kwamitin, aka nemi tafinta, Kawu Dib ya bugi ƙirji ya ce shi ne. Shi zai karanta ya faɗa da Turanci, Wadha ta rubuta, tunda ita ce ta yi makarantar Nasara. Wato ranar Laraba mai zuwa mutumin da nake son 'yarsa zai buɗe takarda ya ga rijiyarsa da kwaɗonsa, a gaban matar da ta sayi kwalba biyu ta yi wa jikanta wankan coci da su.

Na je wurin sajan na nemi hutu, na ce kawuna na gab da mutuwa. Ba ƙarya na yi ba sosai, ko shi ko ni. Ya ce in kawo takardar likita.

Don girman Allah ki yi wani abu. Ki ce ɓera ya ci su. Ki ce wa matar ƙaninki yana da taɓin hankali tun yana yaro, rabin gari za su ba da shaida. Idan Kawu ya karanta ta watan Yuli, Wadha ta fi ƙarfina har abada, ni kuma gara a tura ni fagen yaƙi a Faransa gobe.

Ƙaninki da kuka kashe,
Nayif


Sansanin sojoji, Iowa
Nuwamba, 1918

Zuwa ga yayata, hasken idona, wadda babu irinta a Dakota,

Gaisuwa da godiya. Ya Inna, ya sanyi? Zazzaɓin da ya kwantar da sansanin nan ya wuce ni, alhamdulillahi, ana kuma ta cewa yaƙi ya kusa ƙarewa.

Wasiƙarki da ta Kawu tare suka iso. Taki na fara buɗewa don in san irin mutuwar da zan yi. Ashe kin je kin kasa sato su, sai kika zauna kallo! Ina ma ina wurin. Kin ce Kawu ya sa kwat, ya murɗe gashin baki, ya tsaya a falon matar yana rera Larabcin da ƙarfi kamar huɗuba, sannan ya juya shi Turanci. Bai farga ba sai da ya rera har kwaɗon. Ya yi tari, ya share gumi, ya ce wa Misis Halvorsen, "Yaron yana cewa kawunsa Dib mutum ne mai tsoron Allah."

Wadha, alƙalami a hannu, ta ce, "Baba, kwaɗon fa? A ina zan sa shi?"

Ya ce, "Rubuta abin da na faɗa, 'yar nan."

Garin gudun rijiya ya ƙara sauri, sai ya faɗa cikin maganar Wadha, ya karanta ta kaf a gabanta kafin ya ja birki. Kin ce ta sunkuyar da kai ta ce, "Wannan kuma yaya zan rubuta, Baba?" Ya ce wa matar wai addu'a ce irin tamu, ba ta fassaruwa. Misis Halvorsen kuwa har da share hawaye.

Da ya roƙi a ba shi wasiƙun Larabcin ya tafi da su, ta nuna masa an riga an buga musu hatimi da lamba, sun zama kayan gunduma.

Ga abin da Kawu ya rubuto mini, ko sallama babu: "Kai shaiɗan. Kwana biyu ban ci abinci ba ina tunani. Wata rana wani mai jin Larabci zai buɗe akwatin nan. Idan bare ne ya rubuta, shaida ce a kaina. Idan surukina ne, za a ce wasan gida ne, don babu mai ba da 'yarsa ga wanda ya tona masa asiri da gaske. Na tambayi yarinyar, ta ce ta riga ta ji jawabinka, ta bakina ma, kuma ba ta ga aibinsa ba. Sharaɗina ɗaya: takardar ɗaurin auren za a kai ta akwatin, a liƙa ta a jikin waccan wasiƙar. Ka dawo da ranka."

Yaya, na rungume alfadarar nan, ta cije ni, ban ji zafi ba.

Ki ce wa Inna ban taɓa ganin uwa mai hangen nesa irinta ba. Ki gaishe da Wadha, ki ce mata na ji, na gode. Kawu kuwa daga yau surukina ne, alƙalamina ba zai ƙara rubuta komai a kansa ba. Sauran labarinsa sai na dawo in ba ki da baki.

Ƙaninki ango,
Nayif